Zauren Matafiya: Garin da giyar inibi ce sana'arsa, in je ko in zauna gida?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin makaranta ne, na aje aiki, ina zaune Mabera nan cikin Sakkwato. Ɗiyata ta ƙare digiri na biyu a Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, watan Disamba za a ba su takarda. Ita da mijinta sun ce lallai sai mun zo, ni da mahaifiyarta, kuma su za su ɗauki kuɗin jirgi. Mun yi murna ƙwarai. To amma da jikana ya buɗe min hotunan garin cikin waya, ba abin da nike gani sai gonakin inibi da kwalabe da Turawa riƙe da kofuna. An ce min garin ga, giya ita ce sana'arsa. Surukina kuma ya ce ya ware muna yini guda na zagaya gonakin. Shekaruna 67, ban taɓa sa ƙafa inda ake sayar da giya ba, ba ni son sai da furfura in soma. Hajiya ta ce ita kam za ta tafi ko ban je ba. Ga kuma wani abokina Kirista da munka yi koyarwa tare shekara da shekaru, ya ce in kawo mishi kwalba guda tsaraba, don an ce ta can ba ta da na biyu. Mi za ni yi? In kuma tafiyar ta halatta, mi ya kamata tsoho irina ya sani?

Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa karatun ɗiyarka albarka, ya amfanar da jama'a da shi. Amsata a gajarce ita ce ka haɗa kayanka ka bi Hajiya. Sai dai ba zan ce maka jikanka ƙarya ya nuna maka ba. Abin da ka gani haka yake.

Stellenbosch na da nisan kamar kilomita 50 gabas da Cape Town, a gindin duwatsu, kuma teku ba ta da nisa da shi. Turawan Holan sun sauka yankin a 1652 don su kafa zangon da jiragen ruwansu masu zuwa Indiya da Indunisiya za su riƙa ɗibar ruwa da ganye da nama. Ba su daɗe ba suka dasa inibi, aka matse giyar farko a watan Fabrairun 1659. Gwamnansu Simon van der Stel ne ya kafa Stellenbosch a 1679, shekara 130 ke nan kafin Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato. A 1688 wasu Faransawa da aka koro daga gida saboda rikicin ɗariƙun Kiristanci suka iso, aka ba su wani kwari suka zauna, shi ne Franschhoek na yau, wasunsu kuwa sun san aikin inibi tun daga gida. Stellenbosch da Franschhoek da Paarl da Constantia su ne zuciyar sana'ar, kuma Afirka ta Kudu na cikin ƙasashe goma da suka fi yin giyar inibi a duniya. Abin da ya sa wurin ya karɓi inibi haka, teku ce. Damina a can lokacin sanyi take zuwa, daga Yuni zuwa Agusta, rani kuma bushe yake, ga rana. Ruwan tekun mai sanyi ne ƙwarai saboda igiyar ruwan da ke gangarowa daga ƙarshen kudancin duniya, to iskar da ke tasowa daga kansa ita ke sanyaya gonakin da yamma, inibin ya nuna a hankali ba tare da rana ta dafa shi ba.

Yanzu batun halas da haram. Fatawa ta malamai ce, Sakkwato kuwa ba a rasa su, ka tuntuɓi wanda ka amince da shi. Ni abin da zan yi shi ne in gaya maka yadda wurin yake, don a san a kan me ake yin fatawar. Hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya: mai matsa ta, da wanda aka matsa wa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka ɗauko wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. Akwai kuma hadisin da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da ita. Ka duba jerin nan da kyau. Babu mai wucewa ta titi a ciki, babu mai kallon gona, babu uban da ya je taya ɗiyarsa murna. Inibi kansa ni'ima ce da Alƙur'ani ya ambata tare da dabino da zaitun. Amma akwai mai saye, akwai mai ɗauka. Saboda haka maganar kwalbar abokinka ta ƙare tun nan. Ka gaya masa gaskiya tun kafin ka tashi, kada ka yi masa alkawarin da za ka dawo kana kame-kame. Wanda kuka yi shekaru tare ya san kai wane ne. Ka kawo masa shayin rooibos, jan shayi ne da aka fi nomawa a yankin duwatsun Cederberg na arewacin Cape Town, ba ya hana barci, tsofaffi na jin daɗinsa. Ka haɗa masa da man zaitun na yankin da zabibi da busassun 'ya'yan itace. Tsarabar ta fi kwalba auki, iyalinsa ma su samu.

Inda nake so ka sa ido shi ne yinin nan da surukinka ya ware. Zagayen gonaki iri biyu ne. Wanda kamfanonin yawon buɗe ido ke sayarwa, a ɗebi mutane a mota a kai su gona uku ko huɗu, a kowace a zaunar da su a dogon tebur, a jera wa kowa kofunan gilashi kamar biyar, yarinya ko saurayi ya zo yana tsiyaya kaɗan-kaɗan yana bayani, su kuma suna juya kofi suna shinshinawa suna kurɓa, ga bokitin tofarwa a tsakiya. A Franschhoek har da ɗan jirgin ƙasa da ke yawo da baƙi daga gona zuwa gona don wannan. Irin wannan zagayen ɗanɗanon shi ne gundarinsa, sau da yawa ma kuɗinsa na cikin tikiti, kuma wanda ba ya sha zaman jira zai yi a teburin da aka hana shi zama. Wannan ba naka ba ne. Ina kyautata zaton surukinka ba shi yake nufi ba, yana son ya nuna muku wuri mai kyau ne kawai. Tun da akwai kunya tsakaninku, ka bi ta wajen ɗiyarka, ta ce masa Baba na son a ɗauki mota ta kanku, ko a nemi direba Musulmi. Cape Town cike take da su, akwai ma masu jagorar baƙi da suka ƙware a kan tarihin Musulunci na yankin.

Da ni ne zan tsara muku yinin, ba da gona zan fara ba. Daga Stellenbosch in ka doshi teku, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba, akwai wani wuri da ake kira Macassar. A nan hubbaren Shehu Yusuf yake. Malami ne ɗan tsibirin Sulawesi na Indunisiya, an haife shi a 1626, ya yi karatu a Makka da Madina, ya dawo ya yaƙi Turawan Holan a masarautar Banten. Da suka kama shi suka kai shi Silon, wato Siri Lanka ta yau, suka ga har can mahajjata na biyowa wajensa, sai suka nesanta shi zuwa ƙarshen Afirka a 1694 tare da iyalai da almajirai 49. Ba su bar shi cikin gari ba, suka ajiye shi a wata gona mai suna Zandvliet don kada ya haɗu da bayi. Bayin da suka gudu kuwa can suka riƙa samunsa. Ya rasu a 1699, shekara 55 kafin a haifi Shehu Usmanu. Hubbaren na bisa wani tudun rairayi, farin gini ne mai koriyar ƙubba, da matakala ake hawa. In ka kai sama ka waiga, ga gonaki shimfiɗe har gindin duwatsu, iskar teku na kaɗa maka riga. Ciki kabarin na lulluɓe da yadudduka masu launi iri-iri, ƙamshin turare ya kama ɗakin, a farfajiya kuma ga kaburburan wasu almajiransa. Akwai riwayar cewa daga baya an mayar da gawarsa gida, shi ya sa a Sulawesi ma yake da hubbare. Na san cikin masu karanta shafin nan akwai waɗanda ko Hubbaren Shehu na nan gida ba su zuwa. Wannan muhawara ba a nan za a raba ta ba. Yi wa mamaci sallama da addu'a dai ba wanda ya hana.

Haka abin yake a Constantia, bayan Dutsen Tebur, babban dutsen birnin Cape Town. Gonar Groot Constantia ita ce gonar giyar inibi mafi tsufa a ƙasar, tun 1685, amma kafin a kafa ta an riga an jefar da wasu manyan mutanen Sumatra a dajin wurin cikin sarƙa, wajen 1668. Hubbaren ɗayansu, Shehu Abdurrahman Matebe Shah, na nan dab da ƙofar gonar Klein Constantia, cikin itatuwa a bakin wani ɗan rafi, kurangar inibi kewaye da shi. Motocin masu zuwa ɗanɗanon giya na wucewa ta gabansa, masu ziyara kuma na cire takalma suna shiga. A cikin birnin Cape Town kuwa akwai unguwar Bo-Kaap mai gidaje launi-launi, inda Masallacin Auwal yake tun 1794, masallaci na farko a ƙasar. Limaminsa na farko, wanda suke kira Tuan Guru, ɗan sarautar tsibirin Tidore ne da aka ɗaure a tsibirin Robben a 1780, inda daga baya aka ɗaure Mandela. A kurkukun ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma akwai kwafin rubutun hannunsa a masallacin cikin akwatin gilashi. Kai da ka koyar da yara, wannan kaɗai ya isa a yi tafiya dominsa. Hukuma ba ta yarda Musulmi su yi addininsu a fili ba sai a 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Wani abin da zai ba ka sha'awa, harshen Afrikaans da yawancin mutanen yankin ke yi, cikin rubuce-rubucensa na farko-farko akwai waɗanda malaman Musulmi suka yi da haruffan Larabci a ƙarni na 19, ajami sak, don koyar da yara tauhidi da fiƙihu.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne kada ka sauka can kana jin kai baƙo ne a ƙasar mashaya. Musulmi sun fi shekara 300 a tsakiyar gonakin nan. Da yawa daga kyawawan fararen gidajen da ka gani a hoto, masu goshin nan mai lanƙwasa da rufin ciyawa, bayi ne suka gina su, cikinsu har da magina da kafintoci Musulmi da aka kwaso daga Indiya da Indunisiya. A Stellenbosch kanta akwai tsohon masallaci a tsakiyar gari, haka ma a Paarl, ana Juma'a, ana tarawihi.

Bayan hubbare sai lambu. Wasu gonakin suna da lambuna da ake biyan kuɗin shiga daban, ba ruwanka da ɗakin giya. A Vergelegen, kusa da Somerset West, wadda aka kafa a 1700, akwai itatuwan kafur guda biyar a gaban gidan da suka haura shekara 300, mutum uku ba su zagaye gindin ɗaya da hannu. A Babylonstoren, tsakanin Paarl da Franschhoek, lambun na da tsirrai sama da iri 300, kusan duka na ci ne ko na magani: lemo, ɓaure, rumman, zaitun, kabewa, ga ruwa na bin ƙananan magudanai daga wannan fangali zuwa wancan ba tare da inji ba. Hajiya ba za ta so fita ba. Gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba ita ce masu lambunan nan su ne masu giyar, aljihu ɗaya ne. Ni a nawa ganin kuɗin ƙofar lambu kuɗin kallon lambu ne, kamar yadda muke sauka a otal ko mu hau jirgin da ake sayar da giya a ciki. Amma in zuciyarka ba ta kwanta ba, ka bar shi, ba ka yi asarar komai ba. Jami'ar da ɗiyarka ta gama tana da nata lambun tsirrai a tsakiyar gari, ga kwarin Jonkershoek a bayan gari mai duwatsu da ruwa, ga babban lambun ƙasa na Kirstenbosch da aka kafa a 1913 a jikin Dutsen Tebur. Hanyar da kanta ma kallo ce. A Disamba kurangar ta yi kore shar, an ɗaure ta a waya layi-layi har kan tudu, 'ya'yan ba su nuna ba tukuna, girbi sai ƙarshen Janairu zuwa Maris.

In kun shiga wata tsohuwar gona za ka ga wani ɗan farin gini mai kama da ƙofa, da ƙararrawa rataye a sama. Baƙi na son ɗaukar hoto a gindinta. Ƙararrawar bayi ce, da ita ake tashinsu aiki. An soke bauta a can a 1834, aka tilasta wa bayin ƙarin shekara huɗu suna yi wa iyayen gijinsu aiki kafin a sake su a 1838. Bayan nan kuma aka ci gaba da wata muguwar al'ada da suke kira dop: a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya, a ba shi da safe, a ba shi da rana, a ba shi da yamma. Doka ta hana tun wajen 1960, amma ba a daina ba a wasu gonakin sai cikin shekarun 1990. Ta bar baya da ƙura. Yankin na cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan yaran da ake haifa da tawayar ƙwaƙwalwa saboda uwa ta sha giya da ciki. Wannan ba ya cikin hotunan da jikanka ya nuna maka, kuma masu jagorar baƙi ba su cika ɗaga maganar ba. Ka tambayi direbanku, in ɗan yankin ne zai ba ka labarin da ya fi nawa. Kan hanyar Paarl zuwa Franschhoek kuma ku tsaya minti biyar a ƙofar gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster. Ta nan Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990, ga mutum-mutuminsa a bakin ƙofa ya ɗaga hannu.

Abinci ba zai ba ku wahala ba, in kun san inda za ku. A Cape Town gidajen abincin halal ba su ƙirguwa. Ka duba takardar shaida a bango ko a ƙofa, ta majalisar malamai ta MJC wadda ke nan tun 1945, ko ta hukumar halal ta SANHA. Ku nemi girkin Musulmin yankin, wanda ake kira na Malay: bobotie, niƙaƙƙen nama ne da kayan ƙamshi aka gasa da ƙwai a sama, sai bredie, miyar naman rago da tumatir, da wani soyayyen fulawa mai kirfa da kwakwa da suke ci da safiyar Lahadi, koesister. Akwai kuma kifin snoek da ake gasawa. A Stellenbosch da Franschhoek kuwa sai an yi zaɓe, don yawancin gidajen abincin da kwalba suke tarbar baƙo, kafin ka zauna an miƙo maka jerin giya. In dole ta sa kun ci a irin wurin, ku kama teburinku ku kaɗai, ku nemi kifi ko ganye, ku tambaya ko an sa giya a miyar, don suna yawan yi, kuma ku guji farantin nan na yankakken nama mai sanyi da cuku, alade ne akasarinsa. Abin sha akwai Appletiser da Grapetiser, ruwan tuffa da na inibi ne masu gas, ba komai ciki. Amma akwai wata kwalba da za a iya kawo maka a ce ai wannan an cire mata barasa. Ita giya ce aka fara yi sosai, sannan aka zuƙe barasar da inji, kuma takan rage har kusan kashi 0.5 cikin ɗari. Malamai sun yi saɓani a kanta. Ni shawarata ka bar ta, ga ruwan inibi na gaskiya da bai taɓa tsami ba. Ranar bikin kuma, in abokan karatun ɗiyarka sun shirya walima a gidan abinci, ka je a gaisa a yi hotuna, cin abincinku ya zama a gida. Ba wanda zai ji haushi, sun saba zama da Musulmi. Hijabin Hajiya ma ba mai kallonsa sau biyu.

Salla akwai abubuwan da za su zo maka sabo. Na farko, kada ka tashi ka fuskanci gabas yadda ka saba. Daga can alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas. Na biyu, Disamba tsakiyar bazararsu ce, yini na da tsawo: alfijir kan keto kafin ƙarfe 4:00, magariba sai wajen 8:00 na dare, lisha ta wuce 9:00. Agogonsu na gaban namu da awa ɗaya. Na uku, yawancin Musulmin yankin Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, a asuba kuma ya yi alƙunutu bayan ruku'u a bayyane, mamu na cewa amin. Ka bi shi kawai. Tun da kuma za ku yi niyyar zama fiye da kwana huɗu, ƙasaru ta ƙare da kun isa masauki.

Yanayi kuwa, wanda ya sha zafin Afrilu a Sakkwato zafinsu ba zai dame shi ba, da rana digiri 30 ne ko ya ɗan haura. Abin da ke ba baƙo mamaki iska ce. Akwai wata mai ƙarfi da ke busowa daga kudu maso gabas a wannan lokacin, har likita suke kiranta don tana share hayaƙin gari. Ka riƙe hularka da kyau in kun je bakin teku, babbar riga kuma ka bar ta sai ranar biki. Ku tafi da rigar sanyi ko da guda ɗaya ce, dare kan yi sanyi, kan Dutsen Tebur ma haka, tsawonsa ya haura mita 1,000, da motar igiya ake hawa. In an samu wani yinin, a bi da ku hanyar bakin ruwa da ta tashi daga Gordon's Bay, dutse a hagu teku a dama. Ruwan dai a sa ƙafa a cire, ba na wanka ba ne ga irinmu.

Sauran na takardu ne, surukinka ya san su, amma ga su a gurguje. Sai da biza, ana nema ta Abuja ko Legas, ku fara da wuri, da takardar gayyata daga ɗiyarka da ta jami'a. Katin rigakafin shawara wajibi ne, ba shi ba shiga. Daga filin jirgin Sultan Abubakar na III za ku bi Abuja ko Legas. Legas zuwa Johannesburg kamar awa shida ne, daga can zuwa Cape Town awa biyu, ko kuma ku bi ta Addis Ababa. Disamba lokacin hutunsu ne, kujerun jirgi da ɗakunan kwana na ƙarewa da wuri, farashi kuma ya hau. Na san Hajiya za ta so ta kai wa ɗiyarta kilishi da man shanu. Kada ta wahalar da kanta, ba a shiga da nama ko kayan madara sai da izini na musamman, a filin jirgi za a karɓe. Magungunanka ka sa su a jakar hannu da takardar likita. Soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku ne zagayayyu, irin na na'urar sanyaya ɗaki, sai an saya muku mahaɗi kafin ku yi cajin waya. Motoci hagu suke bi, in za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa.

Za a kuma tsorata ka da labarin ƙyamar baƙi. An yi, a 2008 da 2015 da 2019, har aka kwaso 'yan Najeriya a jirgi. Abin ya fi faruwa a unguwannin talakawa na manyan birane, ba a garin jami'a irin Stellenbosch ba. Wanda ya fi kusa da ku shi ne ɓarayin waya da masu fasa mota. Kada a bar jaka a kan kujera, kada ka yarda wani ya ce zai taimake ka a injin cire kuɗi, in dare ya yi a kira mota maimakon tafiya a ƙasa. Allah ya kai ku lafiya, ka gaishe min da Hajiya.

TAMBAYA

Ni manomin albasa ne a Kware. Kullum ina ganin inibi a kasuwa cikin roba an rubuta Afirka ta Kudu, ga tsada. Shin irin wanda ake giya da shi ne? Kuma ba za ya yi a ƙasarmu ba?

Manomi daga Kware

AMSA

Wannan wasiƙa ta ɗan jima a wajena, yau ta samu abokiyar tafiya. Malam, ka ci inibinka hankali kwance. Na ci daban, na giya daban. Na giya ƙanana ne, fatarsu da kauri, cike da ƙwallo, ba a ma kawo su kasuwa. Wanda kake gani a roba an noma shi ne don ci, manya ne, yawanci ba ƙwallo, kuma akasarinsa daga kwarin kogin Hex yake fitowa, can bayan duwatsu, da kuma bakin kogin Orange a arewa maso yammacin ƙasar. Wannan na biyun ya kamata ya ja hankalinka, don wuri ne mai zafi da ƙarancin ruwan sama, da ban ruwa ake noman, kuma daga nan mafi yawan zabibinsu ke fitowa. Ashe ba dole sai da iskar teku ba.

A nan gida ma ana yi. Manoman Kudan a Jihar Kaduna sun yi suna da shi, har 'yan kasuwa na zuwa saye a gona. Sai dai ba albasa ba ce da za ka dasa ka cire cikin wata huɗu. Kuranga ce mai shekaru, tana son rumfar waya da turaku masu ƙarfi, sai ta shekara biyu zuwa uku kafin ta fara ba da abin kirki, kuma duk sirrin na wajen aski. A ƙasashe masu zafi irin Indiya sau biyu ake yi mata aski a shekara, na biyun bayan ɗaukewar damina, don 'ya'yan su nuna cikin rani. A wajenmu lissafin da za ka yi shi ne su nuna kafin zafin Afrilu ya sauka. Ba ta son ƙasar da ruwa ke kwanciya, saboda haka ba cikin tsakiyar fadama za ka sa ta ba, sai gefen tudu inda tiyo zai kai. Gara na cin turaku da saiwa, tsuntsaye kuma in 'ya'ya suka fara zaƙi sai ka sa raga.

Kafin ka sayi ko dashe ɗaya, ka hau mota ka je Kudan lokacin da suke girbi, ka ga rumfar da idonka, ka tambayi abin da suka kashe a shekarar farko da irin da ya fi jure zafi. In ka dawo ka gwada da gindi 20 a gefen gonarka, albasarka kuma ka bar ta inda take.